Gyaran VCD a bayan Babbar Kasuwar Maraɗi: hannun Baba ya yi, fayafayansa sai da lura

Alhamis Baba mai gyara ya ce in dawo. Sai da Alhamis uku suka wuce kafin na ɗauko na'urata. Da wannan na fara don kada wani ya ji yabon da ke tafe, ya kwashi kayansa ya kai wa dattijon yana gaggawa, daga baya ya zo yana cigiyar gidana. In sauri kake, shagon nan ba naka ba ne. In kuwa kana da tsohuwar VCD da ta shekara goma ƙarƙashin gado, da kwalin fayafayan da uwargida ta gaji da cewa a zubar, gyara zama.

Shagon yana cikin wani lungu bayan Babbar Kasuwa, wajen masu gyaran rediyo da fanka. Ba allo, ba suna. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, rabin wurin ma matattun na'urori sun cinye, an ɗora wannan kan wannan har rufin kwano: bidiyo mai kaset, rediyo mai baki biyu, tele mai doro. Kowa Baba yake ce masa. Ni kuma tun da ya ji a lakwal nake koyarwa ya laƙaba mini Mushe, yadda muke kiran malamin makaranta a nan, ko sunana bai tambaya ba.

Abin da na kai masa VCD ce ƙirar Sin, wadda yayana ya sayo a Kano a 2003, ya biyo da ita ta Jibiya da Ɗan Isa a naɗe cikin bargo. Cutarta biyu. Bakinta ba ya buɗewa sai an ɗan mare ta a ka. In ta haɗiye faifan kuma sai ta yi gurnani, ta juya shi sau biyu, ta rubuta wai babu komai a ciki. Masu gyara uku na zagaya kafin Baba, duka samari ne da suka koma gyaran waya. Na ƙarshensu ko karɓa bai yi ba. "Kawu, wa ke kallon wannan yanzu? Kawo kart memwar in cika maka da fim."

Ba rashin abin kallo ya kai ni ba. Tara fayafayan nan nake yi, yau shekara 6 ke nan, tun ranar da na tarar da wani mai shagon haya a unguwarmu ta Zariya nan Maraɗi ya ɗure nasa cikin buhu zai ba yara su ƙawata kekuna. Na ba shi jika 2 na ɗauke buhun. Yanzu sun haura 340, akasarinsu finafinan Hausa na Kano, sai na Indiya, sai wa'azi da kokawa. Mutane na cewa ai komai yana YouTube. Na nemi da yawa daga cikin waɗanda ke kwalina ban gan su a can ba, waɗanda na gani kuma an datse waƙoƙin, ko an manna tambarin wani a goshin jarumin.

Yaran yanzu raina VCD suke yi, kuma in don hoto ne suna da gaskiya. A 1993 aka haife ta, lokacin da kamfanoni huɗu, Philips na Holan da Sony da Matsushita da JVC na Japan, suka daidaita kan yadda za a cusa hoto mai motsi cikin faifan CD na waƙa, wannan mai faɗin santimita 12. Sai da aka matse hoton da tsarin MPEG-1 har ya koma ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye. Wayar da ke aljihunka ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Faifai ɗaya minti 74 yake ɗauka, in ya yi ƙoƙari 80. A Amurka da Turai ba ta yi kasuwa ba, don suna da kaset ɗinsu mai ɗaukar shiri daga tele, ga DVD kuma ya iso musu a 1997 da 1998. Sin ce ta rungume ta hannu biyu. Wani kamfani can mai suna Wanyan ya fitar da na'urar gida tun 1993, kamfanoni barkatai suka kwaikwaya, farashi ya faɗi warwas, daga nan ta malalo Legas da Kano, ta tsallako mana.

Wanda ya sha wahalar kaset shi ya san daɗin da aka ji. Zare ya naɗe a kan na'ura, a ciro shi da biro. Zafin bazara ya lanƙwasa shi. Ƙura ta toshe kai, hoto ya yi ta yayyafi. Mu ƴan Nijar muna da ƙarin tamu matsalar: telenmu ta gado tsarin launi na SECAM daga Faransa, Najeriya kuwa PAL take, sai ka kawo kaset daga Kano ka sa, jaruma ta fito fari da baƙi in telenka ba mai cin kowane tsari ba ce. Zuwan VCD ya zo daidai da zuwan ƙananan tele masu cin komai, rigimar ta kwanta. Saura maɓalli guda a rimot mai sauya PAL da NTSC na Amurka, wanda yara kan danna launi ya ɓace, a yi ta dukan tele ba laifinta.

Sannan ba ta da kwaɗo. DVD an raba masa duniya shiyya-shiyya, an kuma sa masa makullin hana kwafi. VCD ko ɗaya ba ta da shi. Duk mai kwamfuta da abin ƙona faifai ya zama kamfani. Abin da ya kai fim ɗin Hausa kowane ƙauye ke nan, shi ne kuma ya riƙa cin ƴan kasuwar Ƙofar Wambai ta ƙasa kamar gara. Raba fim kashi na 1 da na 2 ya girmi VCD, tun zamanin kaset ake yi, amma ita ta mai da shi dole. Fim ɗin Indiya mai awa uku faifai uku ne cur. Har yau ina jin ihun tsakar gidanmu in na farko ya ƙare ana tsakiyar faɗa, yara na kokawar wanda zai danna a buɗe.

Baba bai tambaye ni tarihin komai ba. Ya kwance ƙusoshi huɗu ya zuba a murfin gwangwanin madara, ya ɗaga saman, ya busa. Ƙurar hunturu ashirin ta tashi, da gawar kyankyaso guda. Ya sa tsinke ya ɗago wani ɗan zoben roba.

"Ka ga wanga, Mushe? Shi ka jan bakin. Ya saki."

Ya miƙa hannu baya ko waiwaye bai yi ba, ya jawo wata matacciya daga tsakiyar tulin, ya cire nata ya sa. Baki ya buɗe ya rufe sumul. Minti biyar ba a yi ba.

Ido ne ya ba da wahala. Ɗan gilashi ne da bai fi ƙwayar dawa ba, zaune kan wani keke mai tafiya a kan ƙarfe biyu, ta cikinsa hasken laser ke fita ya karanta faifan. Na leƙa in gani, ya ture mini kai. Ya ce hasken na CD ba irin ja na DVD ba ne, ido ba ya ganinsa sosai amma yana nan, kada in sake. Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a alkol, ya shafa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Aka gwada. Ta karanta faifai ɗaya, ta ƙi biyu.

Nan ne mutumin ya saye ni. Ya juya keken ya nuna mini wata ƴar mitsitsiyar ƙusa a bayansa. Ya ce in ya murɗa ta kaɗan hasken zai ƙara ƙarfi, na'urar ta karanta komai a gabana, in biya jika 1 in tafi ina sa masa albarka, bayan wata biyu idon ya ƙone gaba ɗaya. Ko kuma in haƙura a nemo wani idon, jika 4.

"Zaɓi naka ne. Amma ni in tawa ce ba ni murɗawa."

Na san masu gyaran da za su murɗa su yi shiru.

Idon irin na Sony ne, KSS-213, wanda ke cikin na'urorin CD da VCD masu yawa na wancan zamani. Neman sa ne ya ci mako uku. Baba ya ce mai kawo masa irin kayan nan daga Kano ya bar sana'ar tun rufe iyaka na 2019, na 2023 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Wannan uzuri ne, na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne yana da waya amma ba ya ɗauka. Alhamis ta farko na tarar da shago a rufe, an ce ya tafi jana'iza. Ta biyu ya dube ni kamar bai taɓa cewa in zo ba. Kowane zuwa kuɗin kabu-kabu ne, zuwa da dawowa, a kan albashin malamin lakwal. A ƙarshe cikin wata tsohuwar rediyo mai CD ya samo idon, daga hannun masu gwanjo.

Zuwan banza na biyun ma bai tashi a banza ba. Ina zaune kan benci sai na ga abin da ya rufe ƙwaryar furarsa da shi: faifai ne mai walƙiya kamar CD, amma girmansa ya kai faifan garmaho. Na ce Baba wannan fa? Ya yi dariya, ya ce kakan su VCD ne, cikin kayan gwanjo ya tsinto shi shekarun baya, na'urarsa kuwa sau ɗaya tak aka taɓa kawo masa, ta wani Alhaji da ya sayo a waje. LaserDisc ne. Faɗinsa santimita 30, fuska biyu, kowace fuska awa ɗaya ko rabin awa gwargwadon yadda aka buga shi, sai a tashi a juya. A ƙarshen 1978 ya fara fita kasuwa a Atlanta ta Amurka da sunan DiscoVision, aikin MCA da Philips, kafin Pioneer ta Japan ta riƙe shi. Ya girmi CD ɗin waƙa ma da shekara huɗu. Hotonsa ya fi na kaset, ya fi na VCD nesa, amma tsada ta hana shi shiga gidaje, in ban da Japan da Hong Kong inda masu karaoke suka ɗauke shi. Pioneer ba ta daina ƙera na'urarsa ba sai 2009. Na riƙe shi da hannu biyu, nauyi gare shi kamar faranti. Hausawa da suka ara wa waɗannan abubuwa sunan faifai ba su yi kuskure ba, ga shi ya koma rufe ƙwarya. Na taya jika 2, ya ce ba na sayarwa ba ne, ƙuda ba su son walƙiyarsa.

To, fayafayan sayarwa. Nan yabona ya tsaya.

Kwali uku gare shi ƙarƙashin teburi, dala 50 kowane faifai. Na zaɓi 24. Da na je gida 7 ba su da amfani. Biyu hoton bangon daban, abin da ke ciki daban: na sayi fim ɗin soyayya, na tarar da wasan ƙwallo. Ɗaya an rubuta 1 da 2 a leda, na buɗe na ga kashi na 1 har sau biyu. Sauran huɗun suna farawa lafiya, sai an kusa ƙarshe su daskare. Wannan na ƙarshen laifina ne rabi, don na san dalili. CD daga tsakiya ake karanta shi zuwa baki, ba kamar garmaho ba. Ƙarshen fim yana gefen faifan, inda yatsu ke kamawa, inda yake gogar ƙasa, inda lalacewa ta fi farawa. Baba in zai gwada maka minti biyun farko yake nunawa, ya cire. Ka ce a kai ƙarshe. Zai yi tsaki, amma zai kai.

Kuɗi ba ya mayarwa. Musanya yake yi, daga cikin kwalin nan dai. Araha ba ta ado.

Wanda zai tona kwalayen ya san faifai iri biyu ne a ciki. Akwai bugun masana'anta: bayansa fari ne kamar azurfa, an buga hoton fim a fuskarsa da fenti, in ka duba zoben tsakiya za ka ga ƙananan lambobi. Bayanan da ke cikinsa tambari ne aka danna a jikin roba, yana jimrewa. Akwai kuma ƙonawar kwamfuta: bayansa kore-kore ko shuɗi-shuɗi, sau da yawa da rubutun hannu. Shi rini ne aka ƙona da haske, rini kuwa rana da zafi suna cinye shi, balle zafin Afrilu na Maraɗi a ɗakin kwano. Kusan duk waɗanda suka mutu mini ƙonawa ne. Wani abin da mutane ke juyawa: ana tattalin bayan faifai, a bar fuskar. Alhali kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce ta ƙasa, bayanan suna can sama dab da fenti. Ƙarcen baya ana iya goge shi ya ragu. Ƙarcen fuska ya tafi da abin da ke wurin har abada.

Yaron shagon bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba. A gabana ya ɗauki faifaina ya hura masa iska, ya murza shi da gefen riga yana zagayawa kamar mai wanke kwano. Daga tsakiya zuwa baki ake shafawa, a miƙe, da ƙyalle mai laushi, don ƙarcen da ya bi zagaye bin layin karatu yake yi, ya shafe dogon wuri. Baba ya daka masa tsawa, amma bayan an gama. Kada ka miƙa wa yaron abin da kake ji da shi.

Akwai faifai ɗaya da ban miƙa wa kowa ba sai Baba da kansa, ranar da na zo ɗauka. Na sunan ɗiyata ta fari ne, 2005. Mai ɗaukar bidiyo ya ƙona mana shi a kwamfuta, wani kuma a gida ya danna biro ya rubuta "suna" a fuskarsa. Shi kaɗai ne wurin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake motsi yana magana. Baba ya ɗaga shi saitin ƙofa. Hasken rana ya riƙa ɓullowa ta ƙananan huji kamar taurari, sun fi yawa ta gefe. Bai ce komai ba. Ya sa shi a na'urar yayana, ya haɗa da wata ƴar tele.

Ta yi gurnani, ta yi shiru, lamba ta fara tafiya. Ga zaurenmu kafin a yi masa siminti. A minti na 12 ga tsoho kan tabarma, ya fasa goro da babban yatsa yana miƙa wa liman, wani ya faɗi abin da ba a ji ba, ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. Fuskarsa ta farfashe ta zama ƴan murabba'ai, ta tsaya, ta sake haɗuwa. Haka VCD take in ta ci karo da rauni, don an rage mata kariyar gyaran kuskure saboda a samu wurin cusa hoto. A minti na 41 ta daskare, ba ta ƙara gaba ba. Baba ya kashe, ya ciro faifan ta gefe da yatsu biyu.

"Allah ya jiƙan Malam. Mushe, kada ka kwana ba ka kwashe shi ba. Wanga ba ya kai baɗi."

Shi ba ya wannan aikin, ba shi da kwamfuta, kuma wannan gibi ne babba a shago irin nasa. A gida na yi. Ba wuya: ka sa faifan a kwamfuta mai bakin CD, ka buɗe jakar da aka rubuta MPEGAV, za ka ga AVSEQ01.DAT, wani lokaci da na 02. Shi ne fim ɗin, manhajar kallon bidiyo ta VLC na buɗe shi. Kowane minti kusan megabayit 10 ne, ke nan kart mai giga 32 zai ɗauki cikakkun fayafayai wajen 40. Nawa ya ƙi kwafuwa gaba ɗaya, sai da na bi ta wata manhaja mai tsallake wurin da ya lalace. Na tsira da minti 38. Inna ta kalla sau uku a daren, ba ta ce a ƙara sauti ba.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa: yawancin na'urorin DVD suna karanta VCD, kuma abin da na kashe, jika 4 na ido, dala 100 na roba, da kuɗin kabu-kabu, ya kusa sayen DVD ta gwanjo. In kallo kawai kake so, ka sayi waccan ka huta. Ni dai na gwada faifan sunan a DVD ɗin maƙwabcina ta tofo shi, tsohuwar kuwa ta ja shi har minti 41. Masu ƙera VCD a Sin da juriyar karanta faifai mai ƙarce suke tallar kayansu, don sun san irin fayafayan da ke kasuwarsu, kuma ga alama ba duka ne ƙarya ba.

Ka je da safe kafin azahar, lokacin idonsa da haƙurinsa suna nan. Ka tafi da faifanka biyu na gwaji, bugu ɗaya, ƙonawa ɗaya. Ka tafi da rimot in tana nan, don ba shi da su. Kada ka biya duka kafin aiki, ba don zai ci ba, don mantuwa. Tawa yau wata huɗu tana aiki, bakinta na buɗewa ba mari.

Kashi na 2 na fim ɗin nan da ya ba ni na 1 sau biyu, ya rantse yana cikin wani buhu a gida. Ya ce in dawo Alhamis.